Yadda Ake Nemo Kiɗa da Waƙoƙin Kyauta na Halak a Intanet, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa: a ina mutum zai samu kiɗa mai kyau kyauta, wanda ba na sata ba, da zai saurara hankali kwance ko ya ɗora a ƙarƙashin bidiyonsa ba tare da an toshe masa shi ba? Masu tambayar kashi-kashi ne. Akwai wanda kunnensa ya gaji da waƙoƙin da manhaja take cusa masa kullum, akwai mai haɗa gajerun bidiyo, akwai mai shirin murya da ke neman kiɗan buɗe shiri, akwai kuma wanda ya fara koyon haɗa kiɗa yana neman muryar da zai gwada hannunsa a kai. Dukansu wurare biyu za su nufa. Na farko ƙananan gidajen waƙa ne da ba su da ofis ba su da shago, a intanet kaɗai suke, suna tace ayyukan mawaƙa masu zaman kansu suna sakewa kyauta. Sunansu netlabel, kuma ka riƙe kalmar domin da ita za ka yi bincike. Na biyu zaurukan masu rimiks ne, inda wani zai ajiye murya zalla, wani ya ɗauka ya gina mata kiɗa, na uku ya zo ya sake juya ta.

Abin da za ka tanada

Waya ko kwamfuta, kowacce ta wadatar, sai dai bincike ya fi sauƙi a kwamfuta domin allon yana nuna matatun da waya take ɓoyewa. Ka sa manhajar VLC, kyauta ce kuma tana buɗe kusan kowane irin fayil na sauti. Ka samu abin buɗe fayil ɗin zip, kamar 7-Zip a kwamfuta. Yawancin wayoyi suna buɗewa da manhajar fayil da suka zo da ita. Ka ware adireshin imel na daban don rajista. Sannan ka buɗe fayil ɗaya na rubutu, ko littafi na hannu, da za ka riƙa rubuta abin da ka sauke. Kuɗin waƙa babu. Data da lokaci su ne abin da za ka kashe.

1. Fara sanin me za ka yi da kiɗan

Kafin ka buɗe kowane shafi, ka amsa wa kanka: sauraro kawai zan yi, ko zan sa a bidiyo, ko zan yanka in haɗa sabon abu, ko akwai kuɗin da zai shigo ta dalilin aikin? Mai sauraro kawai ƙofa a buɗe take masa ko'ina. Sauran ukun kowa da iyakarsa. Wanda ya tsallake wannan tambaya shi ne yake kwana yana gyaran bidiyo a kan kiɗan da ya mace a kai, sai da safe ya gano ba a yarda a yi hakan da shi ba.

2. Koyi karanta lasisi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin duk sauran matakan a kansa suke tsaye. Kyauta ba ta nufin ba mai shi. Mawaƙin yana nan da haƙƙinsa, izini ya ba ka a kan sharaɗi. Yawancin waɗannan gidaje suna amfani da lasisin Creative Commons, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2002, kuma za ka gan shi a gajarce: CC, sai wasu haruffa su biyo baya. Haruffan huɗu ne kacal.

BY yana nufin ka ambaci mai aikin. Duk lasisin shida da ake amfani da su yanzu suna ɗauke da shi.

NC yana nufin ba da niyyar kasuwanci ba.

ND yana nufin ka raba shi yadda yake, amma kada ka canza shi ka fitar.

SA yana nufin idan ka gina wani abu a kansa, kai ma ka sake naka da irin wannan lasisin.

Sai kuma CC0, wanda mai shi ya sallama haƙƙinsa iyakar yadda doka ta ba shi dama. Ka yi abin da ka ga dama da shi, ko da yake ambaton sunansa ladabi ne mai kyau.

Yanzu ka haɗa haruffan da amsarka ta mataki na farko. CC BY shi ne mafi sassauci: bidiyo, talla, rimiks, duk ya halatta matuƙar ka ambaci mai shi. CC BY-NC-ND shi ne mafi tsauri, kuma gidajen waƙa na intanet da yawa shi suka zaɓa: ka saurara, ka tura wa abokai, shi ke nan.

Gargaɗi: mutane da yawa suna zaton idan ba su taɓa kiɗan ba, sun ɗora shi ne kawai a bayan hoto mai motsi, to ba su canza komai ba. Ba haka lasisin ya ce ba. A ƙa'idar Creative Commons, haɗa kiɗa da hoto mai motsi ana ɗaukarsa a matsayin sarrafa aikin. Saboda haka duk kiɗan da ke da ND bai shiga bidiyon da za ka wallafa ba sai da izini na musamman. Haka kuma idan kiɗan SA ne, bidiyonka zai gaji sharaɗin.

Gargaɗi na biyu a kan NC ne. Idan tasharka tana samun kuɗin talla, ko bidiyon na tallata haja ne, ko wani ya biya ka ka haɗa masa, ka ɗauka kasuwanci kake yi. Kada ka tsaya yi wa kanka fatawa cewa kuɗin ai kaɗan ne. Ka nemi BY, BY-SA ko CC0, ko ka rubuta wa mai kiɗan.

Idan ka duba ko'ina a shafin ba ka ga lasisi ba, to hukuncinsa na kowace waƙa ce ta kasuwa: saurara, amma kada ka yi aiki da ita.

3. Shiga rumbun Internet Archive

Da nan nake ba kowa shawarar farawa. Internet Archive ɗakin karatu ne na intanet da aka kafa a Amurka a 1996, ba don riba ba, kuma yana da sashe guda da aka keɓe wa waɗannan gidajen. Rubuta archive.org/details/netlabels a burauzarka. Ba sai ka yi rajista ba kafin ka saurara ko ka sauke.

Da shigarka za ka ga abin ya yi maka yawa, kada ka tsorata. Ga yadda ake rage shi. A akwatin binciken da ke cikin sashen, rubuta sunan salon da kake so da Turanci, domin da shi aka fi yi wa ayyukan lakabi: ambient idan kiɗa mai sanyi kake nema wanda ba ya hana tunani, dub ko reggae, hip hop, jazz, folk, techno, piano. Sannan ka dubi matatun gefen hagu, inda za ka iya ware shekara, batu, da sunan gidan da ya fitar. A saman jerin akwai zaɓin yadda za a jera maka sakamako. Ka fara da wanda aka fi kallo don ka san fitattu, sannan ka juya zuwa kwanan wata don ka ga sababbi.

Idan kana son bincike mai kaifi, rubuta haka a babban akwatin shafin: collection:netlabels AND subject:dub. Canza kalmar ƙarshe da salon da kake so.

Ka buɗe albam ɗaya ka dube shi da kyau. A sama akwai abin kunna sauti da jerin waƙoƙin. A ƙarƙashinsa sunan albam, sunan mawaƙi da shekara. Ka nemi layin da aka rubuta Usage: nan lasisin yake, da ƙananan tambura masu da'ira, kuma idan ka danna zai kai ka shafin da ya bayyana sharuɗɗan. A gefen dama akwai zaɓuɓɓukan saukewa. Ƙasa kaɗan za ka ga sunan tarin da albam ɗin yake ciki, wato gidan da ya fitar da shi. Wannan sunan shi ne abin da ka zo nema, ko da ba ka sani ba.

Gargaɗi: kowa yana iya ɗora abu a Internet Archive. Kasancewar waƙa a can ba shaidar halaccinta ba ce. Idan ka ga albam ɗin wani shahararren mawaƙi na kasuwa an liƙa masa CC, wanda ya ɗora ba shi da ikon ba da wannan izini. Ka tsaya a abin da gidan waƙa ya fitar da kansa, mai lambar fitarwa da hoton bango da bayanin mawaƙi.

4. Kama gida ɗaya, ka bi shi

Kuskuren da ya fi sa mutane su gaji su bari shi ne neman waƙa ɗaya-ɗaya. Za ka saurari ashirin, sha takwas ba su yi maka ba, sai ka yanke hukunci cewa kiɗan kyauta duk tarkace ne. Gaskiya akwai tarkace, kuma da yawa, domin ba mai hana kowa fitarwa. Amma amfanin gidan waƙa shi ne akwai mutum a bayansa mai kunne, wanda ya saurari abin da aka aiko masa ya ƙi wasu ya karɓi wasu. Idan kunnenka ya zo ɗaya da nasa, ka huta. Kamar samun tela ne da ya san jikinka: ba ka sake yawon gwaji.

Saboda haka duk lokacin da wata waƙa ta tsaya maka a rai, kada ka sauke ka wuce. Danna sunan gidan. Yawancinsu suna yi wa fitarwarsu lamba a jere, haruffa biyu ko uku sai 001, 002, har zuwa inda suka kai. Ka nemi albam ɗin haɗaka, wanda aka tara mawaƙa daban-daban a ciki, domin shi ne hanya mafi gajarta ta sanin ɗanɗanon gida. Ka ba kowace waƙa aƙalla minti ɗaya, kuma ka tsallaka tsakiyarta kafin ka yanke mata hukunci, domin irin wannan kiɗa sau da yawa a hankali yake buɗewa. Idan uku daga cikin goma sun kama ka, gidan naka ne. Rubuta sunansa.

Ga wasu da za ka iya farawa da su, gwargwadon abin da kake so. Dusted Wax Kingdom na Bulgeriya ya shahara da kiɗan hip hop mai sanyi da trip-hop mai ƙamshin tsohon faifai. Enough Records na Fotugal ya daɗe, kuma yana taɓa salo iri-iri na kiɗan na'ura da na gwaji. Kahvi Collective na masu son kiɗan na'ura mai laushi ne. Jahtari, daga birnin Leipzig na Jamus, ya fara ne da dub mai sautin tsofaffin kwamfutoci. 8bitpeoples na kiɗan da ake fitarwa daga tsofaffin na'urorin wasa ne. Maltine Records na Japan ne. Ektoplazm ya tara psytrance, wato wani kiɗan rawa na na'ura mai saurin bugu, da danginsa. Shi kuwa blocSonic yana da jerin haɗaka mai suna netBloc, inda ake tsinto waƙoƙi daga gidaje daban-daban, kuma ko albam biyu ka saurara daga ciki za ka fito da sunayen da za ka bi.

Daga gida ɗaya ake samun na gaba. Mawaƙi ɗaya yakan fitar a gidaje biyu ko uku, don haka ka bincika sunansa ka ga inda kuma ya je. Shafukan gidajen da yawa suna da jerin abokan hulɗarsu. Kuma ranar 14 ga Yuli ta kowace shekara, tun daga 2015, ana yin Netlabel Day, ranar da gidaje daga ƙasashe daban-daban suke sakin sababbin ayyuka tare. Jerin waɗanda suka shiga kansa taswira ce.

Gargaɗi: da yawa daga cikin waɗannan gidaje mutum ɗaya ne ko biyu suke riƙe da su a lokacin hutunsu, kuma wasu sun daina. Idan adireshin gida ya mutu, ko ka tarar wani ya saye shi ya cika da talla, kada ka danna komai a wurin. Koma Internet Archive ka nemi sunan, galibi ayyukan suna nan. Wayback Machine, wanda shi ma na Internet Archive ne, yakan nuna maka yadda tsohon shafin yake, har da bayanin lasisinsa.

5. Leƙa zauren masu rimiks

Babban wuri a nan shi ne ccMixter, wanda Creative Commons ta buɗe a 2004, daga baya ya koma hannun ArtisTech Media. Ƙofofi biyu gare shi. Idan kiɗan aiki kake nema da gaggawa, je dig.ccmixter.org, inda aka ware kiɗa zalla na fim da bidiyo, da wanda ya halatta a yi kasuwanci da shi, da na wasannin kwamfuta. Idan kuma kana son ka ga yadda abin yake gudana, je ccmixter.org.

A can abubuwa uku ake ajiyewa: muryoyi zalla ba kiɗa, waɗanda 'yan wurin suke kira pells, guntayen sauti na ganga, jita, fiyano da sauransu, sai rimiks ɗin da aka gina da su. Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne kowace waƙa tana nuna asalinta. A gefen shafinta za ka ga jerin waɗanda aka ɗauko sautinsu, da jerin waɗanda suka ɗauki nata. Ka zaɓi muryar mawaƙiya ɗaya da ta yi maka, ka buɗe jerin waɗanda suka yi aiki da ita. Za ka ji baiti ɗaya, numfashi ɗaya, amma wani ya kwantar da shi a kan fiyano, wani ya ɗora masa ganga mai nauyi, wani ya ja shi ya zama kamar ana rera shi cikin kogo. Bayan rimiks huɗu ko biyar za ka gane wane mai haɗawa ne hannunsa ya dace da kunnenka. Shi ma ka rubuta sunansa, ka buɗe shafinsa. Sashen zaɓin editoci kuma yana rage wahala ga sabon shiga.

Gargaɗi: rimiks yana gadon sharaɗin abin da aka gina shi da shi. Idan muryar NC ce, rimiks ɗin ba zai zama na kasuwanci ba. Ka duba lasisin da ke kan waƙar da kake saukewa, ba na wata waƙar mai haɗawar ba. A tsofaffin ayyuka za ka iya cin karo da lasisi mai suna Sampling Plus, wanda aka daina bayarwa. Yana ba da damar yanka da haɗawa, amma ya hana amfani a talla.

Akwai kuma OverClocked ReMix, tun 1999, na masu sake fasalin kiɗan wasannin bidiyo. Suna da alƙalan da ke tace abin da aka aiko, shi ya sa ingancin yake da kyau. Sai dai asalin karin na kamfanonin wasannin ne, don haka ka ɗauke shi wurin sauraro.

6. Sauran wuraren, a gurguje

Free Music Archive, wanda gidan rediyon WFMU na Amurka ya buɗe a 2009, yana nuna lasisin kowace waƙa a shafinta, kuma bincikensa yana bari ka tace da irin lasisin da kake so. Jamendo na Luksambag kyauta ne ga mai sauraro, amma lasisin kasuwanci a wani sashe na daban ake sayar da shi. Freesound, na wata jami'a a Basalona, ba na waƙoƙi ba ne, na sautuka ne: ruwan sama, ƙarar ƙofa, bugun ganga ɗaya, sai da rajista ake saukewa. The Mod Archive ya tara kiɗan da aka haɗa da tsofaffin manhajoji, fayilolinsa ƙanana ne sosai kuma VLC yana kunna su.

Bandcamp yana buƙatar ƙarin bayani. Gidaje da yawa sun koma can. Idan ka ga an rubuta name your price, ka danna ka sa 0 a gurbin kuɗi, wani lokaci a nemi imel ɗinka a turo maka hanyar saukewa. Amma sifiri a farashi ba lasisi ba ne. Gangara ƙasan shafin albam ɗin: idan an rubuta all rights reserved, sauraro kawai aka ba ka, idan some rights reserved ne, danna ka ga wane CC ne.

A SoundCloud ka yi hattara da rimiks ɗin shahararrun waƙoƙi. Ko da wanda ya haɗa ya ce kyauta ne, muryar ba tasa ba ce balle ya ba ka.

7. Saukewa: zaɓi fayil daidai da datarka

Ka saurara kafin ka sauke, amma ka sani sauraron kai tsaye ma data yake ci. Idan ka tabbata za ka maimaita albam, saukewa sau ɗaya ta fi araha.

Ga lissafin. MP3 mai 128 kbps (lambar da ke nuna ingancin sautin fayil) yana cin kusan megabait 1 a minti. Mai 320 kbps kusan 2.4. WAV mai ingancin faifan CD kusan 10, FLAC kuma rabin haka ko sama kaɗan. Albam na minti 50 ke nan zai kai megabait 120 a MP3 mafi inganci, ya doshi 300 a FLAC. Don sauraro a waya, abin da Internet Archive yake kira VBR MP3 ya isa, haka ma Ogg Vorbis. FLAC da WAV na wanda zai yanka ne ya sake haɗawa, domin duk lokacin da aka sake matse MP3 sai ya rasa wani abu.

Idan sadarwarka tana yankewa, kada ka ɗauki zip na albam gaba ɗaya, domin idan ya katse a kusa da ƙarshe ba zai buɗu ba. Danna Show all ka sauke waƙoƙin ɗaya-ɗaya. Ka haɗa da hoton bango da ƙaramin fayil na rubutu da gidaje da yawa suke sakawa, a ciki bayanin mawaƙi da lasisi suke.

Gargaɗi: fayil na sauti galibi da .mp3, .ogg, .flac, .wav ko .m4a yake ƙarewa. Duk shafin da ya ce sai ka sa wata manhaja kafin ka samu waƙar, ko ya miƙo maka abu mai ƙarewa da .exe ko .apk, rufe shi nan take. Gidan waƙa na gaskiya ba ya neman lambar katin banki don ba ka abin kyauta.

8. Ajiye shaida a ranar da ka sauke

Wannan matakin minti biyu yake ci, kuma shi aka fi tsallakewa. A fayil ɗinka na rubutu, ka sa sunan waƙa, sunan mawaƙi, gidan da ya fitar, adireshin shafin, cikakken lasisin har da lambarsa (misali CC BY 4.0 ko CC BY-NC 3.0), da kwanan watan da ka sauke. Sannan ka ɗauki hoton allon yana nuna sunan waƙar da lasisin tare, ka ajiye a folda ɗaya da waƙar.

Dalili shi ne lasisin Creative Commons ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa. Mawaƙi yana iya cire waƙarsa daga intanet, ko ya fara sayar da ita, amma kai da ka same ta a ƙarƙashin CC BY kana nan da izininka matuƙar ka cika sharuɗɗan. Sai dai ranar da aka tambaye ka, shafin ƙila ya ɓace, kuma hoton nan shi ne hujjarka.

Folda kuwa ka raba ta gida biyu tun farko: na sauraro, da na aiki. A cikin ta aiki ka sake rabawa da sunan lasisi. Idan sunayen waƙoƙin sun zo a hargitse, manhajar Mp3tag ko ta MusicBrainz Picard za su gyara maka, kuma kana iya liƙa adireshin lasisin a gurbin sharhi na cikin fayil ɗin don ya riƙa tafiya tare da shi.

9. Ambaton mai aiki, da abin yi idan an yi maka da'awa

Ambato mai kyau abu huɗu yake ɗauka: sunan waƙa, sunan mai ita, inda aka samo ta, da lasisi. Ka rubuta a bayanin bidiyo ko a ƙarshensa, kamar haka: Kiɗa: "sunan waƙar", na wane, daga adireshi kaza, a ƙarƙashin CC BY 4.0, sai ka sa adireshin lasisin. Idan ka yanke ta ko ka canza saurinta, ka faɗa. Idan rimiks ne, ka haɗa da sunan mai muryar kamar yadda aka rubuta a shafin. Rubuta "kiɗa daga intanet" ko "haƙƙi na masu shi ne" ba ambato ba ne, kuma wanda bai ambata ba ya karya sharaɗin da ya ba shi izini tun farko.

Ko ka yi komai daidai, na'urar tantance haƙƙi ta YouTube, wato Content ID, tana iya kama kiɗan. Yakan faru ne idan mawaƙin daga baya ya ba wani kamfanin rarrabawa waƙar aka yi mata rajista, ko wani ya yi amfani da guntun sauti iri ɗaya a tasa waƙar. Don kauce wa mamaki, ka fara ɗora bidiyon a ɓoye, ka jira a gama dubawa, sannan ka buɗe wa jama'a. Idan da'awa ta zo, ka sani ba ita ce bugun gargaɗin da ke barazana ga tasha ba. Ka shigar da ƙin amincewa, ka zaɓi cewa kana da lasisi, ka sa adireshin shafin da sunan lasisin. Mai da'awar yana da kwana 30 ya amsa.

Gargaɗi: kada ka shigar da ƙin amincewa idan kai ne ba ka kan daidai, misali ka sa kiɗan NC a bidiyon talla. Canza kiɗan ya fi maka. Kuma kada ka taɓa yi wa aikin da ka gina da sautin CC na wasu rajista a Content ID, domin za ka jawo wa duk sauran masu amfani da shi da'awa, har da mai asalin sautin.

10. Idan kana son ka sa hannu

Mai son gwada rimiks ya yi rajista a ccMixter, ya sauke murya ɗaya da aka rubuta saurin bugunta, wato adadin BPM. Manhajar Audacity kyauta ce don yanka da jerawa, ta LMMS kyauta ce don gina kiɗa. Ka fara saita saurin aikinka daidai da na muryar kafin ka ɗora ko ganga ɗaya, in ba haka ba za ka yi ta ja da turawa ba ta zauna ba. Wajen ɗorawa, shafin zai nemi ka nuna duk wanda ka ɗauki sautinsa. Ka nuna su duka, da haka suke sanin an yi aiki da muryarsu.

Wanda ba zai haɗa komai ba ma yana da abin yi. Ka bar sharhi a ƙarƙashin albam ɗin da ya yi maka, ka faɗi wace waƙa ce da kuma me ka ji a cikinta, domin yawancin waɗannan mutane ba kuɗi suke samu ba, irin wannan saƙon ne ladansu. Inda aka ce ka sa farashin da ka ga dama, ranar da kake da hali ka sa wani abu.

Idan kuma kiɗan da kake so lasisinsa bai kai inda kake buƙata ba, rubuta wa mai shi kai tsaye. Galibi akwai imel ko hanyar saƙo a shafinsa ko na gidan. Ka gajarta: sunan waƙar, abin da za ka yi da ita, inda za a nuna aikin, ko akwai kuɗi a ciki ko babu, da yadda za ka ambace shi. Ka tambaya ko shi kaɗai ne mai haƙƙin, domin idan akwai muryar wani a ciki sai an nemi shi ma. Amsar da ya ba ka a rubuce, ka ajiye ta a foldar waƙar tare da hoton lasisin, kuma kada ka wallafa aikin sai ta iso.